Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mahukuntan Jihar Kano: a bar mana wurin shuka kayan miya a cikin gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabanninmu masu kula da filaye da tsara birni, da masu kula da noma, da na muhalli a Jihar Kano, tare da 'yan majalisarmu na jiha musamman masu wakiltar ƙananan hukumomi 8 na cikin birni da kewaye. Barkanku da aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni ɗan lambu ne, a lambu na buɗe ido, mahaifina da jigo ya fara ban ruwa kafin injin ya zo, ni kuma na gaje shi duk da na ɗan taɓa boko. Ina rubuta wannan wasiƙa ne da yawun mutane iri biyu. Akwai 'yan uwana masu lambu a bakin rafukan cikin gari, irin su Jakara da Getsi da Salanta, tun daga wajen Ƙofar Ruwa da Kwakwaci har can hanyar Wasai, da waɗanda suke laɓe a gefen layin dogo ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki da 'yan fangalinsu biyar ko goma. Sannan akwai iyayenmu mata da ƙannenmu da suka koma shuka alayyahu da tumatir da na'a-na'a a buhun siminti da tsohon bokiti a tsakar gida saboda cefane ya gagara. Ba mu da ofis, ba mu da mai magana da yawunmu a rediyo, shi ya sa na ce bari in rubuta ko Allah zai sa wani ya karanta ya isar.

Abin da ya tayar da ni shi ne sanyin bana. Na zagaya wuraren da na sani tun ina yaro, inda idan hunturu ya shigo za ka ga kore shar har iya ganinka, latas da kabeji da karas da lansir, yanzu wasu wuraren bulo ne a jibge, wasu shaguna, wasu an zagaye da katanga an rufe an tafi, ko gini ba a yi ba shekara da shekaru sai ciyawa da 'yan shaye-shaye. Ranku ya daɗe ba gini muke ƙi ba, mu ma 'ya'yanmu suna neman wurin zama, kuma titi idan an yi mu ma muna hawa. Damuwarmu ita ce duk lokacin da aka zauna ana tsara gari, ana ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa da maƙabarta, ba a taɓa cewa ga wurin lambu ba. Kullum kallon da ake mana shi ne mutanen da suke riƙe da fili kafin mai shi ya tashi gini.

To maganar filin ita ce ta farko kuma ita ce uwa. Yawancinmu ba mu mallaki inda muke nomawa ba, aro ne ko haya ko jingina, da baki aka yi a gaban mai unguwa, wani tun zamanin kakanni. Mu a namu, shekara sama da 20 mahaifina yana biyan masu wurin duk bayan kaka, har ya rasu na ci gaba. Wata safiya na zo ban ruwa na tarar an kakkafa duwatsun fuloti a tsakiyar fangalin latas, saura bai fi sati biyu in fara cira ba. Ashe magada sun sayar. Ban ga laifinsu ba don haƙƙinsu ne, amma wanda ya saya ko sati biyun nan bai iya jira ba, kwana uku tsakani tifa ta zo ta juye yashi a kan abin da na kwashe wata biyu ina wa ban ruwa safe da yamma. Kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin man inji, bashin da na ci a wurin dillalina na kasuwar 'Yankaba, duk suka bi ruwa, kuma babu ƙofar da zan je in ƙwanƙwasa saboda ba ni da ko fallen takarda. Wannan ba ni kaɗai ba ne wallahi, ku tare kowane ɗan lambu a garin nan zai ba ku irinsa.

Kuma illar ba ta tsaya ga ranar da aka kore ka ba. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi a wuri ba, ba zai haƙa rijiya ba, ba zai dasa zogale ko gwanda ko lemo ba, ba zai kashe kuɗi ya gyara ƙasa da takin gargajiya ba tunda shi taki sai an shekara ake cin moriyarsa sosai. Sai dai ya watsa yuriya ya shuka abin da zai fito a sati uku ko huɗu ya cire ya gudu. Haka ƙasar take mutuwa a hannunmu muna kallo, ba don ba mu san yadda ake raya ta ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun Gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Kenan ikon yana nan, ba sai an je Abuja ba. Akwai wuraren da kowa ya san bai kamata a yi gini ba, bakin rafi da kwari da hanyar ruwa da tsofaffin kududdufai. Duk damina muna gani, inda aka cike kududdufi aka yi gida ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya shiga ɗakunan maƙwabta. Shi kuwa lambu shan ruwan yake yi, in ma ambaliya ta zo kabeji za a rasa ba rai ba. Me zai hana a ce irin waɗannan wurare an keɓe su a taswirar gari a rubuce, a yanka su ƙanana a ba mutane haya mai sauƙi? Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila tun 1908 suke da dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominsu samar wa mazauna gari 'yan filayen shuka kayan lambu idan an nema, fili ɗaya kamar murabba'in mita 250, mutum ya biya haya ta shekara ya noma abin miyarsa. Ƙasar da ta fi mu kuɗi da masana'antu ke nan ba ta ga ƙauyanci a lambun cikin gari ba.

Sai maganar ruwa, kuma a nan zan faɗi abin da 'yan uwana da yawa ba sa son a faɗa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwan da da yawanmu muke ban ruwa da shi ba mai kyau ba ne. Jakara ruwan kwatar cikin birni take kwasowa, da na mayanka, da duk abin da aka zubar. Getsi kuma ta wajen masana'antun Bompai take fitowa, Salanta ta Sharaɗa, ga Challawa can da nata kamfanonin fata. Akwai ranar da za ka zo ka ga ruwan ya canza kala, yau baƙi gobe ja-ja, da kumfa da wani wari mai hawa kai. Mahaifina har ya koma ga Allah ƙafafunsa ba su rabu da ƙaiƙayi da tsagewa ba. Malaman jami'a, ciki har da na Jami'ar Bayero, sun sha zuwa su ɗebi ruwan da ƙasar da ganyen su kai ɗakin gwaji, kuma sun rubuta cewa akwai sinadarai masu nauyi irin su dalma da kuromiyom wanda ake jimar fata da shi. Irin waɗannan ba wanki da gishiri ne yake fitar da su ba, a cikin ganyen suke, kuma ba yau za ka ci gobe ka kwanta ba, a hankali suke taruwa a jiki.

Na san abin da wani zai ce, to ai sai a hana noman kawai a huta. Ranku ya daɗe in an hana mu, ruwan ba zai fasa gangarawa dam ɗin Wasai ba inda ake kamun kifi ana noman rani, kuma latas ɗin da ake yanka wa a kan shinkafa da wake a kowane lungu ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya zo daga inda ba wanda ya san da wane ruwa aka yi shi. Mu ba mu muka ɓata ruwan ba, a haka yake iso mana. Kuma abin da muke nomawa shi muke ci, shi 'ya'yanmu suke ci. Babu ɗan lambun da za a ba ruwa mai tsabta ya ce a'a shi na kwata yake so. Da fetur na da sauƙi wasunmu suna jan ruwa daga 'yar rijiyar tiyo, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kunna inji ya zama sai an yi lissafi, da yawa suka koma ɗiba da bokiti daga abin da ya fi kusa.

Yanzu bari in dawo kan matan cikin gida, don su ne ma suka fi ba ni tausayi kuma suka fi ba ni sha'awa. Ba za ku manta 2016 ba lokacin da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da Kura da sauran wurare har kamfanin tumatir na Ɗangote ya tsaya don babu abin sarrafawa. Haka a 2024 tumatir da attarugu suka yi tsadar da mata suka koma kauɗa da na leda, wasu har karas suke markaɗawa don miya ta yi ja. Daga nan ne na ga abin ya bazu. Yayata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ta ce in kawo mata ƙasa, na kai mata kura ɗaya na haɗa mata da yashi da tsohon kashin awaki, muka huda gindin buhuna goma sha biyu muka jera jikin katanga inda rana take samu. Alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa biyu, attarugu, ɗoɗɗoya, ga lawashi a wata fasasshiyar roba. Da ruwan alwala da na wankin shinkafa take ba su. Ba zan ce ta daina cefane ba, amma ganye kam ta daina saya, har maƙwabta suna aiko yara a sayar musu na miyan dare, kuma da wannan canjin take sayen sabulu da kuɗin makarantar allo.

Amma kafin a kai ga haka sau nawa aka yi asara? Ita dai tana da ƙane ɗan lambu. Sauran fa? Wata ta kwaso ɗanyen kashin kaji ta zuba ya ƙone mata shuka ƙurmus saboda ba wanda ya gaya mata sai ya daɗe a ajiye ya huce. Wata ta zuba ruwan wanki mai omo. Wata ta shuka latas a tsakiyar zafin bazara yai ta tsawo yana ɗaci. Wata ba ta huda bokitin ba saiwa ta ruɓe ga sauro. Wanda ya fi tayar min da hankali, na ga wadda ta ga tsutsa a ganye ta ɗauko fiya-fiya ta fesa da yamma, da safe kuma za ta tsinka ta yi wa yara kwaɗo. Ba ganganci ba ne, rashin mai faɗa ne. Alhali ga 'ya'yan darbejiya nan zube a kowane titi, a daka a jiƙa ya kwana a tace a fesa, yana rage ƙwari da yawa kuma ba sai an sayi komai ba. Malaman gona suna nan amma tunaninsu da tsarinsu duk na ƙauye ne, na mai kadada ɗaya ko biyu, ba a lissafa mai buhu goma a Ɗorayi ko Kurna ko Rimin Kebe a matsayin manomiya. In ana rabon taki ko iri ma buhu-buhu ake maganar, ita kuwa abin da take buƙata bai wuce gwangwanin madara ba. Ga irin da ake ƙullawa a leda a kasuwa ba suna ba kwanan wata, ka shuka ka yi ta jira shiru.

Iyayenmu suna ba mu labarin 1976 lokacin shirin ciyar da ƙasa na mulkin Obasanjo, yadda aka ce kowa ya yi shuka a bayan gidansa, makarantu suka yi lambu, har bariki. Mu ma mun taras da ɗan saura, a firamarenmu kowane aji da fangalinsa. Yau yawancin makarantun gari ko filin babu. A 2024 uwargidan shugaban ƙasa ta fito da gasar kowane gida ya yi lambu, abu ne mai kyau kuma mun yaba, sai dai gasa mutum ɗaya ne yake ci, mu kuwa abin da zai zauna muke nema. Ba a fafe gora ranar tafiya, bai kamata sai tumatir ya yi tsada za a tuna da mu ba.

Saboda haka ga roƙonmu, kuma mun yi ƙoƙari kada mu roƙi abin da ya fi ƙarfin jiha.

Muna roƙon a fara da ƙidaya. A turo ma'aikata su bi rafukan nan da masu unguwanni su rubuta waye yake noma a ina, fangali nawa, da wane ruwa. Daga nan hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, da ma'aikatar ƙasa su ware bakin rafi da kwari da sauran kududdufan da ba a cike ba a matsayin wurin lambu, a sa a taswira, a hana yanka su fuloti. Inda filin gwamnati ne a ba mu haya a rubuce ko da ta shekara biyar-biyar ce, za mu biya, kuma a ware kaso na mata da zawarawa da matasa don kada masu hali su kwashe su dawo suna ba mu haya a kan haya. Inda kuma filin mutane ne aka sayar, 'yan majalisa su taimaka da doka ko ƙa'ida mai sauƙi cewa dole a ba mai shuka sanarwa ya cire amfaninsa, in kuma ana sauri a biya shi abin da ya kashe. Ko wannan kaɗai aka yi an share hawayen mutane da yawa.

Kan ruwa, muna roƙon ma'aikatar muhalli ta haɗa kai da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a tabbatar kowace masana'anta tana tace ruwanta kafin ta sake shi, a riƙa gwada ruwan rafukan nan lokaci-lokaci kuma a faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo, mu san inda za mu shuka ganyen da ake ci ɗanye da inda ya kamata mu koma fulawa ko dashen itatuwa. A wuraren da aka keɓe a haƙa mana burtsatse mai sola, rukuni-rukuni, mu za mu haɗa kuɗin gyara da gadi, mun saba adashi.

Ga KNARDA kuma, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, don Allah a ware malaman gona na cikin gari, kuma a sa mata a ciki saboda su ne za su iya shiga gida. Ba sai an kama otal an yi taro ba, a bi Islamiyyun matan aure da asibitocin awo, a nuna yadda ake haɗa ƙasa, yadda ake renon iri da dashe, wane abu ake shukawa da sanyi wane da damina, kwana nawa ake jira bayan feshi kafin a ci. Ɗaliban Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta da na sashen noma a jami'o'inmu za su iya yin wannan a matsayin aikin koyon sana'a. KASCO kuma, kamfanin samar da kayan noma na jiha, ta duba yiwuwar ƙulla taki da ingantaccen iri a ƙananan ƙunshi masu suna da kwanan wata, daidai aljihun mai buhu goma.

Akwai kuma wata dukiya da ake zubarwa kullum. Duk wanda ya shiga 'Yankaba ko 'Yanlemo ya ga tulin ruɓaɓɓen ganye da ɓawo da ake rasa yadda za a yi da shi. Manoman kewayen Kano tun kaka da kakanni da sharar birni suke takin gonakinsu, da jakuna ake fitar da ita, leda da batir da fasasshen kwalba ne suka ɓata abin. Idan hukumar kwashe shara ta REMASAB ta ware wuri kusa da waɗannan kasuwanni aka riƙa tara sharar ganye zalla ana ruɓar da ita, ga taki mai arha gare mu, ga aiki ga samari, ga kasuwa ta huta da wari. Makarantun da suke da sauran fili kuma a dawo musu da lambu, mu a shirye muke mu je mu koya wa yaran kyauta ranar da ba mu da ban ruwa.

Daga ƙarshe muna gayyatarku ku zo da kanku, ba da jiniya ba. Ku zo bayan sallar asuba a cikin watan Disamba ko Janairu, ku tsaya a bakin Jakara ku ga masu baro da masu Adaidaita suna lodin latas da alayyahu da raɓarsu za a kai kasuwa, ku sunkuya ku duba ruwan da aka yi su da shi, sannan ku ƙirga duwatsun fulotin da aka riga aka kafa a tsakanin fangalin. In kun gama zan raka ku gidan yayata ku ga buhunanta, yanzu sun kai talatin har ta fara ba maƙwabta iri.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
wani ɗan lambu daga bakin Jakara, a madadin 'yan uwansa da iyayensa mata masu shuka a tsakar gida.